Kafin ki biya mai "gyara miki cin abinci", ki san hannun da za ki shiga

Tun bayan haihuwata ta uku nake fama da cin dare. Da rana lafiya lau, ina aji ina koyarwa, wani lokaci har la'asar ban sa komai a bakina ba. Amma da zarar yara sun kwanta, maigida kuma yana hanyar Jega ko Yawuri, sai in tsinci kaina a bakin tukunya ina gamawa da ragowar tuwon shinkafa, in kora da lemon kwalba. Shekara 3 ina neman mafita a nan Birnin Kebbi, na kuwa shiga hannu iri huɗu. Ga yadda na auna su.

Gidan motsa jiki yana da amfani ga hawan jini da suga, amma mai koyar da tsalle-tsalle ba ya kusa da ke ƙarfe 11 na dare. Masu sayar da jadawalin abinci ta waya kuwa, takarda ɗaya suke tura wa kowa, cike da abincin da ko sunansa Inna ba ta taɓa ji ba, babu kuka, babu wake, babu kifin Argungu. Kwana 5 na bi na ajiye.

Wadda ta yi mini rana ma'aikaciyar sashen abinci ce a wani asibitin gwamnati, kuma ba na ɓoye cewa irinta nake so ki nema. Ranar farko ban hau ma'auni ba sai a ƙarshe. Tambayoyi ta yi ta jero mini: ƙarfe nawa nake fara cin abinci, da wa nake ci, a tsaye ko a zaune, me ya faru a gida ranar da na fi yin ɓarna. Sannan ta ce: "Malama, ki sayi littafi ƙarami. Mako 2 ki rubuta abin da kika ci da abin da ke ranki kafin ki ci. Kada ki rage komai tukuna."

Da na dawo, littafin ne ya tona ni. Rabin matsalar yunwa ce ta gaske: wanda ya wuni bai karya ba, jikinsa sai ya rama da dare, kamar yadda muke afka wa faranti lokacin buɗe baki. Sauran rabin kaɗaici ne da ɓacin rai, don duk daren da muka yi sa-in-sa da wani, shafin ya fi cika. Akwai kuma ɗabi'ar da muka taso da ita, ta uwa ce ke share kwanon yara kada a yi almubazzaranci. Ba ta hana ni tuwo ba. Ta ce in karya da ƙosai da koko ko ƙwai, in tafi makaranta da abincin rana, in zuba nawa a kwanona in zauna, in jira kamar minti 20 kafin in ƙara, don labarin ƙoshi ba ya isa ƙwaƙwalwa nan take. Ta tuna mini hadisin nan na raba ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, amma ba da sigar wa'azi ba. Nauyina a hankali ya sauka, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da ya fara barina shi ne jin kunyar kaina da safe.

Aibinta guda ne: layi. Sai kin yanki kati kin yi haƙurin jira. Ki fara tambayar sashen abinci a manyan asibitoci irin su Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke cikin gari. Kuma ma'aikacin abinci na gari ya san inda saninsa ya tsaya. Idan kina cin abinci mai yawa a ɓoye har ki kasa tsayawa, ko kina tura yatsa ki yi amai bayan ci, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne, irin waɗanda ke asibitin Kware a jihar Sakkwato. Ba hauka ba ne. Tun 2013 likitocin Amurka suka sanya cin da ba a iya tsayarwa a jerin cututtuka masu zaman kansu, ana kuma maganinsa da tattaunawa.

Yanzu bari in zo kan waɗanda suka gasa mini aya a hannu. Wata "koci" ce a WhatsApp, na biya ta naira 25,000 na wata ɗaya, haɗe da shayinta. Ki sani, koci ba muƙami ba ne da wata hukuma ke bayarwa, kowa na iya wayar gari ya laƙaba wa kansa. Ta zuba mu a zaure guda, kullum kowa ta turo hoton farantinta. Ranar da na turo hoton faranti mai masa guda 4, gaban mata fiye da 30 ta ce ba ni da zuciya. Daren nan na ci abin da ban taɓa ci ba. Duk mai amfani da kunyata ki a matsayin magani, wuta take ƙara wa itace.

Shayin kuwa, kwana 3 ina zaryar bayi, har na kasa tsayawa a aji. Da yawa daga irin waɗannan ganyen sena ne a ciki, ɗan'uwan filaskon da kakanninmu ke sha don wankin ciki. Ruwan jikinki yake kwashewa, kitse yana nan daram, kina shan ruwa kilon ya dawo. Mafi muni, an sha kama masu zuba sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kada lambar NAFDAC ta rufe miki ido: ana buga ta bogi, kuma ko ta gaskiya ce a jikin maganin gargajiya, ba shaida ba ce cewa yana aikin da aka faɗa. Hoton "kafin da bayan" ma ki yi masa kallon tsaf, nawa ne na sata, nawa ne na riƙe numfashi. In aka ce za ki zubar da kilo 10 a kwana 14, ko aka ce ki kawo mutum 3 a rage miki kuɗi, ko aka ƙi faɗa miki inda aka yi karatu, ki ɗaure bakin jakarki.

Bayan wata 2 ƙanwata da za a aurar ta nuna mini haɗin "sha ka fashe" da ta saya don ta ciko kafin biki. Da muka kai wa mai kemis ya duba, dexamethasone ne da cyproheptadine: ɗaya yana kumbura fuska ya tada suga da hawan jini, ɗaya yana buɗe ciki. Na karɓi wayarta in ga wa ta tura wa kuɗin, sai ga lambar asusun kocina.