Bilidin kaɗai ko sauya man birki gaba ɗaya?

Alhaji, sauya man gaba ɗaya. Tunda ka ce birkin Hilux ɗin ya yi laushi, kuma ba a taɓa canza man ba tun da ta zo hannunka, maganar bilidin kaɗai, wato fitar da iskar da ta shiga birki, ma ba ta taso ba.

Bilidin yana da ranarsa, ban hana ba. In an kwance tiyo ko an canza kalifa (abin da ke matse faifan birki a taya) iska ta shiga, alhali man sabo ne, sai a buɗe nipul, ɗan noti mai huda da ke jikin birkin kowace taya, a kore ta. Iyakarsa ke nan, tsohon mai yana nan inda yake.

Mu a Legas ruwa ne abokin gabarmu. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi ta murfin tanki da jikin tiyon roba, ko da motar a ajiye take. To ina ga garin da iskarsa jiƙe take rani da damina, ga ambaliyar Lekki da Ajah da muke kutsawa da tayoyi? Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Celsius, amma in ya sha ruwa kamar kashi 3.7 cikin ɗari, sai abin ya sauko wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. Da ya tafasa tururi yake zama, ka taka ƙafarka ta nutse har ƙasa. Ruwan nan dai shi ke sa tsatsa ta ci masta (famfon da ke tura mai in ka taka birki) da silindar tayoyi daga ciki.

Tawa a-kori-kurar buhunan albasa take ɗauka daga kasuwar Mile 12 zuwa cikin gari. Da safe birki lafiya lau, amma in na daɗe a cunkoson gadar Third Mainland ina taka-saki da lodi, sai ya fara sanyi. Wani dattijon bakanike a Agege ya ce in tsaya in gani da idona. Ya zuƙe tsohon man tanki da sirinji, ya cika da sabo, ya maƙala siririn tiyo a nipul ɗin tayar baya ta dama, ya jefa ɗaya bakin cikin gorar ruwa. Yaronsa na kan kujera, shi yana ƙasa yana kira: “Taka, taka, riƙe!” Abin da ya fara fitowa kamar baƙin shayin da ya kwana a buta. Bai matsa ba sai da ya ga mai garau yana zuba babu kumfa. Daga nan baya ta hagu, gaba ta dama, ya ƙare da gaba ta hagu, ta ɓangaren direba. Kowane ɗan lokaci sai ya miƙe ya leƙa tanki ya ƙara, don in ya ƙafe iska ta shiga injin ABS (mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi), wani lokacin sai an nemo mai kwamfuta. Har wani bawul da ke kusa da aksul ɗin baya, mai daidaita birki da nauyin kaya, sai da ya buɗe nasa nipul ɗin. Tsofaffin Hilux suna da shi, yaran gareji da yawa tsallake shi suke yi. Da na tada mota, birki ya kama tun daga sama. Tun ranar duk shekara biyu wurinsa nake komawa.

Lita ɗaya yawanci ta isa. Karanta murfin tankinka ka sayi abin da aka rubuta. Inda aka ce DOT 3, DOT 4 yana shiga. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, kada lambar ta ruɗe ka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu tara tsofaffin robobi su ɗura abin da Allah kaɗai ya sani, su liƙe baki. Duba hatimin da kyau, kuma kada ka karɓi wanda aka riga aka buɗe ko da an rage maka kuɗi, ya riga ya sha iska. Wasu bakanikan kuma tanki kawai suke zuƙewa su cika, su ce sun sauya duka. Leƙa ƙasa: in nipul huɗun a bushe suke da ƙura, ba a taɓa su ba. Ka sa a goge duk man da ya ɗiga a jikin mota nan take, fenti yake ci.

In an gama duk wannan birkin bai tsaya ba, a cire dirom ɗin baya a duba lainin, da silinda ko tana yoyo, kafin wani ya ce maka masta ne.