Manhajar lissafin sito da ake talla a Mile 12, ga yadda muka same ta

'Yan kasuwa da yawa suna ta tambaya wai manhajar lissafin nan da wasu samari 'yan Yaba suke yawon tallanta a kasuwannin Mile 12 da Agege da Alaba Rago a Legas ta ci kuɗin watan da ake biya kuwa? To mu dai mun jima muna aiki da ita a siton maigidana, hatsi muke yi, wake da masara da gero da dawa, kuma ni ke riƙe da lissafi. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda ba talla aka biya ni ba, kuma akwai inda zan ɗan taɓa su.

Wajen bashi kam ba ta da matsala, nan ne ƙarfinta yake. Kowa ya san bashi ne ke riƙe da kasuwar nan, mota ta taso daga Dawanau a sauke, kwastoma ta zo ta ɗauki buhu biyar ta biya na biyu ta ce sauran sai ran Juma'a, da can sai ka yi ta fama da littafin da ruwa ya jiƙa ana musu a kan ko an kawo dubu hamsin ko ba a kawo ba, yanzu kuwa kana shigarwa rasit zai tafi mata a WhatsApp da kwanan wata da abin da ya saura, shikenan magana ta mutu. Yaran shago kuma ba sa iya goge cinikin da aka riga aka rubuta sai da lambar sirrin Alhaji, wannan kaɗai ya rage mana surutu. Kuma tana aiki ko ba data, sai netwok ya dawo ta tura. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, turansifa ta yi ta maƙalewa a gari, mu rubutunmu bai tsaya ba.

Inda aka sha daga shi ne awo. Kana gani ka san don irin su sufamaket aka fara ƙera ta, wato kaya ɗaya kuɗi ɗaya. Mu kuma muna sayar da buhu, da rabin buhu, da robar fenti, har dirika, wato ɗan gwangwanin awo, idan ƙananan kwastomomi suka matsa, buhun ma ba duka ne ɗaya ba, kuma farashin safe daban na yamma daban idan motoci suka shigo da yawa. Sai ka fasa buhu ka sayar da roba goma manhaja tana nan tana ce maka buhunka cikakke ne.

Da ƙorafi ya yi yawa suka turo wani yaro, shi ne wai mai kula da tsarin manhajar gaba ɗaya, ya zo da laftof a goye ya zauna kan buhun masara ƙura duk ta ɓata masa baƙin wando, ya sa aka fasa buhun wake a gabansa yana ƙirga robobi yana rubutawa. Alhaji ya ce masa, "Yarona, wannan ɗan gyaran ne har sai an yi watanni?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, da ku kaɗai ne da tuni an gama." Ya juyo mana da laftof ɗin, wallahi jerin buƙatu ne kamar layin mai, masu kemis suna son ta riƙa faɗa musu ranar da magani zai lalace, 'yan yadi na Balogun suna son awon yadi da launi, masu waya a Computer Village suna son lambar IMEI, wato lambar shaidar kowace waya, kowa kuma cewa yake nasa ne na gaggawa in ba a yi ba zai daina biya. Masu rubuta manhajar ba su da yawa, kuma da yaro ya ƙware sai ka ji ya wuce Kanada ko Ingila, ko yana zaune a Legas ɗin yana yi wa Turawa aiki ana biyansa da dala. Na tausaya masa gaskiya, amma fa tausayi ba ya daidaita min lissafin dare.

An yi gyaran daga baya, kuma ya yi kyau, yanzu kai za ka faɗa mata roba nawa ne a buhunka. Sai dai sabuntawar da ta kawo shi ta yi wa ƙananan wayoyin yaranmu nauyi, sannan 'yar firintar rasit ta daina haɗuwa da waya, muka koma rasit na hannu har suka sake fitar da wata. Wannan ɗabi'ar tasu ce ta fi ba ni haushi, a gyara nan can ya ɓalle, kuma ba sa tashi sabuntawa sai tsakiyar mako ana cikin ciniki.

Kuɗin wata ya ƙaru ba sau ɗaya ba. Hujjarsu ita ce sabar, wato kwamfutocin intanet da suke ajiye bayananmu a ciki, da dala ake lissafinta su kuma naira suke karɓa, kuma ba ƙarya suka yi ba, kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai, sannan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a Janairun 2025 sai suka cire tes ɗin tunatar da masu bashi daga cikin kuɗin wata, ya koma sai ka saya daban. Ƙarin bai dame ni ba kamar yadda ake sanar da shi, a imel da dogon Turanci, wa ke buɗe imel a Mile 12? Manhajar ma kanta har yau ba Hausa a ciki, alhali sun san su waye suka cika kasuwar hatsi da albasa da tumatir.

Masu amsa ƙorafi suna da ladabi, amma sai ƙarfe tara suke buɗewa, mu kuwa ana idar da Asuba kasuwa ta ci, in abu ya tsaya maka da sassafe saƙon inji kawai za ka samu wai a yi haƙuri.

Wani abu da zan yaba, an taɓa zare wa yaronmu waya a cunkoson Ketu, muka sayi wata muka shiga da lambarsa komai ya dawo har cinikin ranar. Amma in kana son sauke duka lissafinka a Excel ka ajiye da kanka sai ka hau tsari mai tsada, wannan kam ban ga adalcinsa ba tunda bayanan namu ne.

Mai sito da yara biyu uku da bashi a waje, ta ci kuɗinta, ka ɗauka. Mai tebur ɗaya da ke ciniki hannu da hannu, littafi ya ishe ka. Kuma ka biya wata-wata, kar rangwamen shekara ya ruɗe ka. Har yanzu babu gurbin la'adar dillali da kuɗin 'yan dako, muna cusa su ne cikin sauran kashe-kashe, na yi musu magana sun ce yana layi bayan na masu kemis.