Na kai Inna Gidan Makama, ɗakin amarya ya riƙe mu

Shekara talatin da ɗoriya ina wucewa ta ƙofar Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin nan na Kano, ko zan shiga Kurmi ko na fito daga masallacin cikin gari, ban taɓa leƙawa ba. Makon jiya ma dalilin 'yata na je, an ba su aiki a makaranta kan Sarki Muhammadu Rumfa. Inna ta ji muna shiri, ta ce wallahi ba za a bar ta a gida ba.

Kuɗin shiga kun san ba wani abu ba ne. Tun daga zaure sanyin ginin ƙasa ya tare mu, ga azara a sama, ga bakan gizo. Wanda ya zagaya da mu ya ce a nan Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gadon sarauta a 1463, daga baya ya gina fadar da sarakunan Kano ke ciki har yau. Mun ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, mun ga sulke da lifidi da kwalkwali, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Yarinya tana ta rubutu, ni kuma ina duba agogo.

Sai muka shiga ɗakin amarya. Inna ta tsaya cak, ta saki hannuna. Ta daɗe tana kallon jeren ba ta ce uffan ba, can ta ce, "Kai ɗan nan, haka aka yi mini." Daga nan ta karɓe bayanin. Ta faɗa wa jikarta yadda gwaggonninta suka kwana biyu suna yi mata jere, manyan tasoshi a ƙasa, ƙanana a kansu har su kusa taɓo rufi, da yadda ake dirje tasa da toka da lemon tsami sai ka ga fuskarka a ciki. Ta lissafo fanteka, kumbo, taskira, adudu, wasu sunayen ni kaina ban taɓa ji a bakinta ba. Idonta ya kawo ruwa da ta ambaci mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. Malamin da ke zagayawa da mu bai katse ta ko sau ɗaya ba. Da ta numfasa ya ce, "Hajiya, don Allah ku ci gaba, mu ma karatu muke ɗauka." Mun fi rabin awa a ɗakin nan. Wannan ladabin nasa kaɗai ya biya ni.

Amma fa a fitowa raina ya ɓaci. Wasu samari huɗu sun zo ɗaukar hoto, ɗaya ya jingina da wani tsohon ƙyauren ƙofar gari, ya ɗora takalminsa a jiki, ɗan uwansa yana ƙwanƙwasa ƙarfen da mukullin babur don a ji ƙara a bidiyo. Na yi musu magana, ɗaya ya ce, "Alhaji, ai katako ne." Katako! Ƙyauren da kakanninmu ke rufewa da almuru su kwana cikin aminci. Abin ya tuno mini da badala, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, shekaru kusan 900 ke nan, yau mu da kanmu muke ɗibar ƙasarta muna gini, muna zuba shara a gindinta. Sai da ma'aikaci ya zo ya kore su daga wurin, amma har muka hau adaidaita sahu ƙirjina bai sauka ba. Na ce a raina ba zan ƙara zuwa lokacin da masu hoto suka yi yawa ba.

Duk da haka ku je, kuma in da tsohuwa ko tsoho a gida, ku tafi tare, ku je da hantsi. Muna isa gida Inna ta sa aka jawo mata tsohon akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta zaro tasa guda ɗaya da ta rage daga jerenta, ta ce jikarta ta ɗebo mata toka.