Ƙara kaya ko sayen fili?

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ta Kano da ya tara riba bayan sallah, ko dai ya mayar da ita cikin atamfa da shadda, ko ya nemi fili can wajen Ungogo ko Kumbotso.

Juya kaya akwai daɗi: dila ta shigo, ta fita, riba ta hau kan riba. Sai dai jarin duk a wuri guda yake kwance. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022 sun durƙusar da mutane cikin dare ɗaya. Ga faɗuwar naira tun 2023, dala daga kusan 460 har ta haura 1,500 a 2024. Mai shigo da kaya daga Sin sai ya sayar ya ci riba, amma kuɗin su kasa sayo ko adadin da ya sayar.

Fili kuwa ba ya cefane. Shekaru zai yi shiru, kuma ranar da ka matsu, dillali ne zai yanka maka farashi. Amma mai tunanin karatun yara da aurar da 'yan mata nan da shekara goma, ni dai fili zan ce masa, muddin shagon zai iya tsayawa ba da wannan kuɗin ba. A duba takardu a ma'aikatar filaye kafin a biya, don ana sayar wa mutum biyu fili ɗaya.