Fenti biyu da suka ishe ni zana Kogin Kaduna

Shekara uku ina fama da zanen Kogin Kaduna na lokacin hunturu, kullum sai ya fito kamar katin ɗaurin aure: sama ta yi shuɗi shar, gaɓa ta yi ja wur. Wani tsohon malaminmu na zane ya duba, ya ce, "Ɗana, launinka ne ya yi yawa. Biyu sun ishe ka."

Na shiga wani shagon kayan zane da ke kusa da titin Ahmadu Bello, na sayi fentin ruwa na Cotman, na kamfanin Winsor & Newton, ƙananan bututu biyu masu mililita 8. Ɗaya Burnt Umber, ruwan ƙasa mai duhu, sak makubar da ake shafa wa katanga. Asalinsa ƙasa ce mai sinadarin ƙarfe da ake gasawa har ta yi duhu. Ɗayan Payne's Grey, ruwan toka mai sirkin shuɗi, wanda ya ci sunan William Payne, wani mai zane ɗan Ingila na ƙarshen ƙarni na 18.

Da asuba na zauna kusa da gada. Na jiƙa takarda, na tsarma tokar da ruwa sosai na shafa sama da tsallaken kogi, sai ga hazo ya sauka a kan takardar. Makubar kuma na ba duwatsun da ruwa ya janye ya bari, da wani kwalekwale a gaba. Ita makuba tana da ɗumi, tana matsowa kusa da ido. Toka kuwa sanyi gare ta, baya take ja. Nisan da na daɗe ina nema, ashe a nan yake. In ka gauraya su kuma, za ka samu baƙi mai rai, shi na yi inuwar ƙarƙashin gada da shi.

Sai dai a kula, tokar nan in ta bushe takan yi haske fiye da yadda ka sa ta, kuma in ta yi yawa zane ya mutu murus.

Shagon kuwa, yaron Alhaji ya san kaya, amma burushin da ya cusa mini, tun ranar farko yake zubar da gashi. Har yanzu akwai sili biyu manne a tsakiyar kogina.