TikTok ko X: Ina Za a Bibiyi Siyasar Indonesiya?

Ana yawan yi mini wannan tambayar.

A TikTok ba sai ka bi kowa ba, abin da ka daɗe kana kallo shi za a riƙa turo maka. Haka rawar Prabowo Subianto, tsohon janar ɗin soja mai takarar shugaban ƙasa a lokacin, ta mamaye wayoyin matasa kafin zaɓen Fabrairun 2024, zancen tarihinsa na soja ya yi sanyi. Ga cin data.

X bai kai shi jama'a ba, amma can gardama take. A Agustan 2024 hoton Garuda (tsuntsun tambarin ƙasar) mai shuɗin bango ya bazu a matsayin alamar gargaɗi, mutane suka fito titi, majalisa ta fasa gyaran dokar zaɓen yankuna. Sai dai sojojin baka na haya sun cika X.

Mai son gane matasa ya leƙa TikTok. Ɗan jarida kuwa, X ya fi masa.