Baƙar giyar da ta kwana a gangar wiski: wasiƙa daga Gilasgo

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Mama da yara. Yaya sanyin Jos? Na nan Gilasgo, a ƙasar Sikotilan, ba a magana. Tun ƙarfe 4 na yamma duhu ke rufawa, ruwan sama kuma ba ya jin kunyar kowa.

Ka dame ni da tambaya a waya, wai shin baƙar giyar Turawa ta fi tamu? Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. 'Yan'uwa da ba sa sha su yi haƙuri, su ɗauka labarin kasuwa nake bayarwa. Kai kuma kada ka nuna wa Fasto.

Ranar da na fara shiga mashaya a nan, na ce a ba ni Guinness, a zatona zan gamu da tsohon sani. Aka tsiyayo daga famfo, aka jira ta kwanta, aka ƙara, kumfa ta taru a sama kamar kindirmo. Kyan gani dai ba a cewa komai. Da na kurɓa sai na ji ta salam. Ƙarfinta kashi 4 ne da ɗan ɗoriya cikin 100, tamu ta kwalba kuwa kashi 7.5 ce. Abin da zai ba ka dariya, tamu ɗin ana shigo da ita nan, da sunan Najeriya a jiki, ana sayarwa a shagunan 'yan Afirka har da wasu manyan kantuna, kuma akwai Turawan da ita suke nema. Tun farkon shekarun 1960 ake dafa ta a Ikeja, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kuwa sai masu giya suka koma wa dawa. Dawar nan dai da Kaka ke jiƙawa ta yi burukutu. A wannan zagayen mun ci su.

Akwai wani dattijo ɗan Sikotilan da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi. Da ya gaji da cika bakina, ya ce in bari ranar hutu ya kai ni inda ake sha da hankali. Wani ɗan ƙaramin shago ne, kujeru ba su fi goma ba. Ya yi magana da mai shagon, aka ɗauko wata 'yar kwalba mai mililita 330 ta baƙar giyar da ta kwana a gangar wiski daga kan kanta, ba daga firji ba. Na ce ina mai sanyi? Ka san mu, in kwalba ba ta gumi sai a mayar wa yaron mashaya. Suka ce sanyi na kashe mata ƙamshi. Ƙarfinta kashi 11, kuɗinta fam 9. Kada ka lissafa da naira, hawan jini zai kama ka. Kuma mu biyu muka raba, kowa da ɗan kofin gilashi mai tumbi da tsukakken baki.

Da aka zuba, baƙa ƙirin, da kauri, tana bin jikin kofi a hankali kamar baƙin man da bakanike ya juye daga tsohon inji. Su ma sun san da haka: akwai wata irinta da kamfanin Harviestoun ke yi, sunanta Ola Dubh, wato baƙin mai a tsohon harshensu na Gelik. Kumfarta kaɗan ce, launin ƙasa-ƙasa, nan da nan ta ɓace.

Na kai hanci, Yaya, sai ga ni a ɗakin girkin Kaka da damina. Ka tuna in itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, kunkunniya na lilo a jinka? To shi. A bayansa akwai ƙamshin bandar kifi, can ƙasa kuma wani wari-wari na asibiti, irin na aidin da ake shafa wa gyambo. Na kusa ajiyewa. Dattijon ya ce in kurɓi kaɗan in riƙe a baki.

Farko zaƙi ne ya tare ni, na mazarƙwailar da ta ɗan kama wuta. Kafin in gama da shi sai ɗaci ya shigo, na gahawa mai ƙarfi da gardin ƙanzo. Da na haɗiye sai hayaƙin ya taso daga maƙogwaro ya fita ta hanci, ya bar bauri a harshe kamar na ci goro, wani ɗumi kuma ya sauka ƙirji ya zauna. Ba ta barin mutum ya yi gaggawa. Rabin kwalbar nan sai da ya ɗauke ni kusan awa guda, ni da ka san yadda nake yi da babbar kwalba. Har na hau bas ƙaurin na bakina.

Asalin ƙaurin ba daga giyar yake ba, daga ganga yake. A yammacin ƙasar akwai wani tsibiri da ake rubuta shi Islay amma Aila suke kiransa, mutanensa ba su wuce dubu uku da ɗoriya ba, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ruwa. Itace ya yi musu ƙaranci, sai wata baƙar ƙasa ta fadama da suke kira fit: ciyayi da gansakuka ne da suka ruɓe cikin ruwa shekara dubbai, wai kaurinta milimita ɗaya kacal yake ƙaruwa a shekara. Sukan yanko ta kamar tubali, su shanya, su yi makamashi da ita. Da hayaƙinta ake busar da tsiron sha'ir ɗin da za a yi wiski, warin ya kama ƙwayar ya ƙi saki. Masana'antu irin su Laphroaig da Ardbeg, da aka kafa tun 1815, da wannan warin suka yi suna. Doka ta ce sai wiski ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako kafin a kira shi na Sikotilan, wasu sukan kai 10 ko 16. Yawancin gangunan ma kwance ne daga Amurka, don can dokar wiskinsu da ake kira bourbon ta ce sai sabuwar ganga. In aka juye wiskin, katakon ya riga ya sha ya ƙoshi. Sai masu giya su saya, su ɗura baƙar giya mai ƙarfi, su rufe wata da watanni, katakon ya amayo mata abin da ya sha. Dole sai mai ƙarfi, don mai rauni hayaƙin zai danne ta. Irin wannan mai ƙarfin tun ƙarni na 18 ake dafa ta a Landan ana kai wa fadar Rasha.

Ina sauraron bayanin nan ina tuna ranar da tukunyar Kaka ta kama. Masu sha suka kurɓa suka ce yau burukutu ya yi ƙauri, wani ya kifar da ƙwaryarsa a gabanta, sai da ta karya kuɗi kafin randa ta ƙare, kuma kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba. Nan kuwa ƙaurin ne ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwalba, da sunan tsibirin da watannin da ta yi a ganga, a ninka kuɗi, mutane na rububi. Ban ce ƙaurin iri ɗaya ba ne. Na Kaka tsautsayi ne, nasu auna shi suke yi. Amma da an kawo wa dattijon nan ƙwarya ɗaya ta ranar, na rantse sai ya lumshe ido ya ce ya ji wani abu.

Sha'anin sayarwa ma daban ne. Shago ba ya sayar maka da giyar tafiya gida kafin 10 na safe ko bayan 10 na dare, ko kai wane ne. Tun 2018 gwamnatinsu ta yanka farashin da ba a sauka ƙasa da shi, gwargwadon ƙarfin abin sha, a 2024 kuma ta ƙara. Wanda fuskarsa ba ta kai ta ɗan shekara 25 ba sai ya nuna kati. Ni dai furfura ta hutar da ni. Babu “rubuta min sai ƙarshen wata”, babu mai suya a bakin ƙofa, sai 'yar gyaɗa a leda. Wannan rashin suyar ya fi komai ƙona min rai, don tsire mai yaji da albasa shi ne mijin giyar nan, su ba su sani ba.

Ka tambaye ni wacce ta fi. In da zafi ne, an taso daga aiki ana son a jiƙa maƙoshi ana hira, tamu ta fi nesa ba kusa ba. Wannan ta daren hunturu ce, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma aljihuna ma iyakar abin da zai yarda da shi ke nan.

Na sayi kwalba ɗaya na ajiye maka, suka ce tana iya shekaru ba ta lalace ba, ba kamar burukutu da ke tsami kwana biyu ba. In Allah ya kai mu Kirsimeti zan naɗo ta cikin safa a tsakiyar akwati. Ka tanadi ƙananan kofuna biyu da tsiren mutumin nan na bakin tasha. Ko an ɗauke wuta ba komai, ba ta son firji. Ka gaida Mama, ka ce mata daddawar da ta ba ni ta kusa ƙarewa.